Kwalin Ƙofar Ɗaki na Huɗu

Rashida, ajiye salular nan. Ke nake wa magana, da ku biyun da ke bayanta kuna ƙunshe dariya. Na ji abin da kika faɗa jiya a wurin wanki, kunnena bai mutu ba tukuna. Wai aikin ɗaki ai shara ce da gyaran gado, da ido rufe ma sai a yi shi. Sati biyu ke nan da lakwal ɗinku, wato makarantarku, ta turo ku istaj, koyon aiki, gidan nan, har kun gama sanin aikin da na shekara ashirin da shida ina koyo. Madalla da ku. To ku zauna in gaya muku yadda wannan aiki mai sauƙi ya kusa sa wani dattijo ya rasa ganinsa a hannuna, ni Illa, da nake taƙamar ba wanda ya fi ni sanin ƙofa a duk Yamai.

Daga wani ƙauye na wajen Ƙonni na zo garin nan. Na yi dako, na yi wanki da guga a unguwar Bukoki, har wani ɗan garinmu mai tuƙa taksi ya ƙetaro gada da ni ya kawo ni wurin Madam Hannatu. Ku yanzu tsohuwa kawai kuke gani a kujera gindin mangwaro tana gyangyaɗi. Ba ku san ta da ƙarfinta ba. Ƴar Maraɗi ce, ta yi aikin jinya har ta gaji, mijinta ya rasu ya bar mata wannan gida na ƙasa a bayan unguwar Kirkisoy, yana kallon gulbi. Kowa ya ce ta rushe ta zuba siminti. Ta ce ko bulo ɗaya ba zai shigo ba. Ta yanka gidan ɗaki tara, ta bar azarar giginya a rufi, ta sa randa a bakin kowace ƙofa, ta shimfiɗa bargon saƙar Zabarmawa a kowane gado, ba guda biyu masu kama ɗaya. Mu muna dariya a ɓoye. Wa zai ƙetaro ruwa ya kwana a ɗakin laka alhali ga manyan otel a cikin gari? Ashe akwai mutanen da abin da suke nema ke nan, bango mai kauri da sanyinsa, da kukan dorina daga gulbi, da gidan da ba hayaniya.

Ranar farko ta ba ni kayan aiki guda huɗu. Tsintsiyar kaba, domin ta roba tana kankare daɓe. Doguwar gora da tsumma a kanta, ta share saƙar gizo-gizo. Ƴar sanda ta ƙwanƙwasa azara kowace Litinin, ɗaki-ɗaki. In ka ji azara ta amsa kamar ganga, to gara ta cinye cikinta. Na huɗu makullai ne, ta naɗe su a ƙyalle ta ɗaure da roba. Ta ce, “Illa, ranar da na ji ƙarar makullan nan, ka koma Bukoki.” Gado kuwa wata guda cur na yi ina gyarawa tana warwarewa. Gidan sauro a cusa shi ƙarƙashin katifa ta gefe uku, a bar gefen da baƙo ke hawa, kuma ba mai gaya maka wane gefe ne, sai ka duba inda ya saba barin takalminsa. In kuran, wutar lantarki, ya ɗauke, ka hura gawayi a dutsen guga ka goge zanen gado fari fat ba tare da toka ta ɗiga ba. Wannan duka na iya shi kafin damina ta sauka. Abin da ya kusa korata daga gidan nan tarbiyyar gidanmu ce.

A watana na uku wani Anasara mai aikin haƙar rijiyoyi ya sauka a ɗaki na biyu. Masassara ta kayar da shi. Madam ta ba shi magani ta tafi kasuwa. To mu a garinmu, mutum ya kwanta ciwo a gidanka ka bar shi shi kaɗai? Ai sai a yi da kai har jikokinka. Na shiga na ce sannu. Na fito na gaya wa Zali mai dafa abinci, ta shiga ta ce sannu. Gardin ƙofa ya shiga. Mai ban ruwan lambu ya wanke ƙafa ya shiga. Mai kantin bakin hanya, wanda baƙon ya taɓa sayen ashana a wurinsa sau ɗaya tak, ya rufe kanti ya zo da ƙanensa. Bayan azahar na ga limamin unguwa zai wuce, na ce, “Malam, muna da marar lafiya fa.” Madam ta dawo ta tarar da takalma ƙafa bakwai a bakin ɗaki na biyu, mu kuma mun shimfiɗa tabarma mun zagaye gado. Bawan Allah ya ja bargo har hanci, ido ya yi zuru-zuru, yana tsammanin mutuwa zai yi shi ya sa muka taru. Washegari ya sa aka kwashe kayansa ya koma otel cikin gari da masassararsa.

Madam ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi. Ta kira ni ta nuna mini kwalin nan da kuka sani, wanda ake ratayawa a hannun ƙofa. Ta ce, “Ka iya karatun faransanci?” Na ce a'a. Ta ce, “To wannan cewa yake: Illa, tafi abinka.” Ta ce mutanen nan sun zo ne don a ƙyale su. Ba a gaishe su sai sun fito. Ba a zama kusa da su in suna cin abinci, ko da su kaɗai ne. Ba a tambayarsu ya iyali. In an kawo abinci ɗaki, a ajiye faranti a kan teburin baranda, a kaɗa ƴar ƙararrawa sau ɗaya, a ɓace.

Na ce, “Madam, wannan ai wulaƙanci ne.”

Ta ce, “A wurinsu shi ne karamci. Ka koya ko ka tafi.”

Na koya. Kai, na koya har na wuce malamata. Na sayi takalmin soso mai laushi, na iya taka daɓe ba motsi. Na iya karanta ƙofa ba tare da na taɓa ta ba. In ruwan randa ya ragu, baƙo ya tashi. In fanka tana juyawa labule a sauke har hantsi, ya yi aiki ya gaji, a hana mai lambu buɗe famfo ta wajensa. Faranti ma magana yake yi. Wanda ya shanye kafe ya bar burodi sauri yake, gobe a kai masa da wuri. Wanda ya bar komai, ko cikinsa ne ko zuciyarsa, a aika masa shayi da lemun tsami ba tare da tambaya ba. In ina shakka sai in tsaya a bakin ƙofa in saurara, in ji motsi in wuce. Shekara ashirin ina haka. Baƙi suka riƙa rubutawa a babban littafin da ke zaure wai gidan nan kamar aljanu ke yi masa aiki, ka fita ka dawo ka tarar da komai a gyare ba ka ga kowa ba. Madam ta karanta mini, kaina ya kumbura. Yanzu in na tuna haushin kaina nake ji. An ce maka aljani kana murna!

Sai shekarar nan ta zo, wadda baƙin waje suka tattara nasu ya nasu suka bar ƙasar. Kun san ta, kuna lakwal lokacin. Wata da watanni ina gyara gadon da ba wanda ya kwanta a kai, ina ƙwanƙwasa azara a ɗakunan da ba kowa. Mai lambu ya koma noman shinkafa. Zali ta riƙa soya ƙosai a bakin hanya kafin ta shigo. Madam ta ce gida ba zai mutu ba, ƴan ƙasa ma suna da gajiyar da za su sauke. Aka fara samun angwaye da amarensu, da ma'aikata masu taron bita, da waɗanda suka zo ganin lokotoro, wato likita, daga nesa. Baƙi sababbi, hali sabo. Wannan ya kira abokai goma sha biyu su sha shayi a baranda, waccan ta shanya wanki a kan furannin Madam, wani ya nemi a yanka masa rago a gindin lemo. Lokacin ciwon ƙafa ya riga ya zaunar da Madam, ɗakuna duka a hannuna suke. Ni kuwa na ci gaba da tafiyata ta aljanu, ban sauya ko taku ɗaya ba. Aikin da na shekara ashirin ina yi, wa zai gyara mini?

Mushe Dawda ya zo ranar wata Lahadi da yamma. Tsohon malamin lakwal ne, shi ya sa ake ce masa Mushe, daga Dogon Dutsi, ya haura tamanin, dogo, da baƙar kwat a cikin zafin nan. Yanar ido ta rufe masa idanu biyu, sai dai ya bambanta haske da duhu. Ɗansa ya kawo shi, wani ma'aikaci mai zama a bene a unguwar Mawre, inda tsoho ba zai iya hawa ba. An ba su randebu ranar Alhamis da safe za a yi wa ido ɗaya aiki, kuma lokotoron baƙo ne, in ya gama satin nan ya tafi sai baɗi. Ana cikin haka aka tura ɗan aiki Agadas na kwana uku, ba yadda zai yi. Ya zaɓi ɗaki na huɗu, mafi kyau a gidan, mai taga wajen ruwa. Ya kama hannun mahaifinsa ya zagaya da shi: nan gado, nan makewayi, nan teburin baranda taku uku daga ƙofa. Ya fito ya ce mini, “Malam Illa, Baba yana da hawan jini, an ce ya huta sosai kafin aiki. Don Allah kada a dame shi.” Ya ɗauki kwalin da hannunsa ya rataya.

Na ce, “Ka kawo shi inda ya dace.”

Litinin na kai kunu da ƙosai, na ajiye, na kaɗa ƙararrawa, na ɓace. Da hantsi na dawo na tsaya a bakin ƙofa. Na ji tari, na ji jan kujera, na ce lafiya ke nan. Ya sha rabin kunun. Da rana tuwo, ya ɗan taɓa. Talata loma biyu da ruwa. Na ce tsofaffi ba su da ci, ga fargabar wuƙar lokotoro. Na aika shayi da lemun tsami. Zali ta ce, “Illa, tsohon nan fa, ba za mu leƙa shi ba?” Na nuna mata kwalin da baki. Na ce ɗansa yana kiransa a salula kullum, ina jin muryarsa ta ƙofa yana cewa lafiya lau, lafiya lau. Yo wane uba ne zai ce wa ɗansa da ke bakin aiki ba lafiya ba? Wannan ko ɗan yaye ya sani. Ni da furfurata na tsaya ina karanta faranti.

Laraba da safe, saura kwana ɗaya, ina shara a tsakar gida sai na ga ƙofar ɗaki na huɗu a buɗe. Gado a gyare, bargo a ninke, ba a taɓa faranti ba. Gardi ya zagaya baya, bai ga fitar kowa ba. Na fita a guje, takalmin soso ɗaya ya tsinke na bar shi nan. Can na hango shi a kan jar hanya, ya kusa babban titi, jaka a hannu ɗaya, sanda a ɗaya, yana bin katanga da kafaɗa, masu babur suna kauce masa suna zagi.

Na sha gabansa ina haki. Na ce, “Baba, ina zuwa haka?”

Ya tsaya ya karkata kai. Ya ce, “Au, kana da murya?”

Na ce, “Baba, ni ne Illa, mai kula da ɗakinka.”

Ya ce, “Na san ka. Kai ne mai ɗan jan ƙafar hagu. Sau goma sha ɗaya ka zo bakin ƙofata tun Litinin. Ka tsaya, ina jin numfashinka, in gyara zama in ce yau dai zai yi sallama, sai ka juya. Ɗana, me na yi muku?”

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ni da nake cewa ba mai jin takuna.

Ya ce, “Shekara talatin da biyar ina kaɗa wa yara ƙararrawa, ban san za a kaɗa mini ita in fito in ɗauki abinci a ƙofa ba. A garinmu wanda ake ajiye wa ƙwarya a bakin ɗaki a gudu, mai cutar da ake tsoro ne. In ƙyamar makaho kuke yi ku faɗa. Nuna mini inda ake shiga mota zuwa tasha, in koma Dutsi.”

Na ce, “Baba, gobe ne fa aikin idonka.”

Ya ce, “Idon in ga wa da shi? A gida ko ban gani ba, kafin hantsi mutum ashirin sun ce mini ina kwana.”

Sai na fara yi masa bayanin kwali. Ku ji wauta! A tsakiyar hanya, ƙafa ɗaya ba takalmi, ina gaya wa dattijo wai akwai takarda a ƙofarsa da ta hana a gaishe shi. Ya ce wace takarda? Bai ma san da ita ba. Ya ce, “Takarda ta hana ka gai da sa'an mahaifinka? Kai ɗan ina ne?” Na ce ɗan wajen Ƙonni. Ya ce, “Ƙarya kake. Na san mutanen Ƙonni, ko jakinka sai sun tambayi lafiyarsa.”

Daga nan na bar bayani. Na durƙusa a kan jar ƙasar nan na gaishe shi tun daga farko, yadda uwata ta koya mini: ina kwana, ina gajiya, ya hanya, ya mutanen Dutsi, ya jiki, ya baƙunta. Sannan ya fara amsawa ɗaya bayan ɗaya, a daƙile. Na miƙa hannu na kama jakar. Ya riƙe, na riƙe. Can ya saki. Ya ce, “Zuwa azahar. In ban ji sauyi ba, kai da kanka za ka kai ni tasha.”

Na zaunar da shi a baranda na tafi wurin Madam na kwashe duka na gaya mata. Kun san abin da matar nan ta ce mini? Ta cire tabarau ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, “Illa, kana da hankali kuwa? Tsohon mutane kwana uku ba gaisuwa? Wa ya koya maka wannan rashin tarbiyya?”

Jama'a! Na ce, “Madam, ɗaki na biyu, mai haƙar rijiya.”

Ta ce, “Wancan Anasara ne mai masassara, wannan Mushe ne daga Dutsi. Shekara ashirin ba ka iya bambanta su ba? Miƙo mini sandata.”

Ita ta fara zuwa, tana ɗingishi. Ashe ta san ƙanwarsa tun suna majami'a ɗaya a Maraɗi. Zali ta zo da fura. Gardi ya zo. Na aika wa mai kanti, wannan dai mai ashana, shi ma ya tsufa, ya rufe kanti ya zo. Wani malamin lakwal na unguwa da ya ji sunan ya ce ai Mushe Dawda ne ya koya masa riƙe alli, ya taho da matarsa. Liman ya zo bayan azahar, suka yi ta gardamar wace shekara ce fara ta cinye gero a arewa. Takalman da suka taru a bakin ɗaki na huɗu sun fi na wancan karon. Ni kuma na ɗauko farantin rana, na wanke hannu na zauna muka ci tare, karo na farko da na sa hannu a kwano ɗaya da baƙo a gidan nan. Ya cinye tas, ya ce a ƙaro miya. Ba wanda ya sake zancen tasha.

Alhamis da sassafe ɗan ya iso daga tafiya. Ya ga tabarmi a baranda da kofunan shayi, ya ce, “Malam Illa, ba na ce kada a dame shi ba?” Kafin in amsa tsohon ya ce daga ciki, “Kai, rufe mana baki ka ɗauko mini kwat.” Suka tafi, aka yi aiki.

Da aka cire masa bandeji ya dawo da baƙin tabarau, ya zauna a baranda ya daɗe yana kallon gulbi. Muka jeru, ni da Zali da gardi da mai kanti. Ya dube mu ɗaya-ɗaya. Ya ce, “Kada wanda ya yi magana. Ku taka in ji.” Gardi ya taka, ya girgiza kai. Na yi taku uku. Ya nuna ni da sanda, ya ce, “Kai ne. Matso.” Ya ɗaga tabarau ya ƙare mini kallo da idon nan ɗaya da ya yi ja. Ya ce, “Ashe fuskar mutanen kirki gare ka. Ka riƙa barin mutane suna ganinta.” Sannan ya ce in miƙo masa takardar da ta hana gaisuwa. Ya kai ta kusa da hanci ya karanta da kansa, a hankali, abu na farko da ya karanta cikin shekara huɗu. Ya ja tsaki ya mayar mini. Ga shi nan a aljihuna, ɗaki na huɗu ba shi da kwali har yau.

Na ga bakinka yana motsi, kai mai biro a hannu. So kake in gaya maka yaushe ake ƙwanƙwasawa yaushe ake ƙyalewa, ka rubuta a kaye, littafin nan naka, ka kai lakwal. Da akwai dokar da ta raba wannan, da ban tsaya bakin titi da takalmi ɗaya ba. Ango da amaryar ɗaki na shida, wanda ya kusanci ƙofarsu kafin azahar zai gamu da ni. Amma hajiyar nan da aka kawo jiya daga Tawa, ta ɗaki na takwas, ƴarta ce ta rataya mata kwali ta tafi aiki. Rashida, ke kika kai mata kunu da safe, na ji ƙararrawa. Kin ce mata ina kwana?

Kin ga kin sunkuyar da kai. Tashi. Cire takalmin soson nan ki sa naki, ki taka da ƙarfi yadda za ta ji zuwanki, ki yi sallama tun daga baranda. Gadon ya jira.